Hasken rana da ciwon fata mai ɓamɓaroki

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, akwai wani ciwon fata da likitoci ke kira soriyasis. Yakan fito a gwiwa, gwiwar hannu, gadon baya da fatar kai. Wurin ya yi kauri da ƙaiƙayi, ya dinga zubar da farin ɓamɓaroki. Wasu kan zaci kuturta ce, su ƙaurace wa mai shi. Alhali ba a ɗaukarsa ta musafaha ko cin tuwo a akushi ɗaya. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum miliyan 100 ke fama da shi.

Mene ne sanadinsa?

Cikin jini akwai ƙwayoyi masu gadin jiki daga cuta. Ga mai soriyasis, masu gadin nan ne ke harzuƙa babu abokin gaba, su tilasta wa fata yin gaggawa. Fatar da ke sabuntuwa cikin wata guda sai ta tofo cikin kwana 3 ko 4, ta taru bisa juna.

Aikin haske

Cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, ana ce masa UV. In ya ratsa fata, yakan rage masu gadin da suka harzuƙa, ya ƙarfafa masu tsawata musu. Kumburi ya kwanta, fata ta koma tafiyarta. Tun 1925 wani likita a Amurka, Goeckerman, ya haɗa kwalta da wannan haske. Yau manyan asibitoci na amfani da fitila ta musamman, sau 2 ko 3 a mako, na ɗan lokaci ƙanƙane. Ciwon yana lafawa, amma yakan dawo.

Gargaɗi

Rana kyauta ce, amma kowane magani da ma'auninsa. Ƙunar rana ƙara ciwon take yi. Manomin albasa da ke wuni a garka kada ya ƙara da shanya jikinsa sai da shawarar likita. Zabiya kuwa ya guji rana, domin tana jawo masa sankarar fata. Da hunturu a yawaita shafa man kaɗe. A nisanci man canza launin fata: yana kwantar da ciwon, daga baya ya taso da ƙarfi.

Tabon da aka taɓa ba a ji ba, wataƙila kuturta ce. A gaggauta zuwa likita, ko asibitin Danja kusa da Maradi. Maganinta kyauta ne.