FASHIN BAƘI: Kejin ƙarfe da sabbin ƙafafu: riba da haɗarin yi wa tsohuwar Mini kwaskwarima

Ranar 4 ga Oktoba, 2000, motar Mini ta ƙarshe a samfurin asali ta fito daga masana'antar Longbridge da ke Birmingham a Ingila, bayan an ƙera guda 5,387,862 cikin shekara 41. Har yau dubbanta na yawo a titunan Birtaniya da Jamus da Japan, kuma ba kasafai ake samun wadda masu ita suka bari yadda ta fito ba. Abubuwa biyu aka fi yi mata: a sa mata kejin ƙarfe a ciki, a sauya mata ƙafafu. A ido, ado ne kawai. Amma kowanne daga cikinsu yana iya ceton rai, yana kuma iya jawo asararsa, shi ya sa hukumomi da kamfanonin inshora suka sa ido a kai.

Motar da rikicin Suwez ya haifa

Siyasa ce ta haifi Mini. A watan Yulin 1956 shugaban Masar, Jamal Abdul Nasir, ya mayar da mashigin Suwez hannun gwamnatinsa. Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar hari, mashigin ya rufe, man fetur ya yi ƙaranci har aka riƙa raba shi da awo a Birtaniya daga Disamban 1956 zuwa Mayun 1957. Shugaban kamfanin BMC, Leonard Lord, ya umarci injiniya Alec Issigonis ya fito da ƙaramar mota mai tsimin mai wadda za ta ɗauki manya huɗu.

Motar ta shiga kasuwa a watan Agustan 1959, tsawonta bai fi mita 3 da 'yan kai ba. Issigonis ya kwantar da injin a gicciye, ya sa giya a ƙarƙashinsa, ya sa ƙafafun gaba su ja motar. Ƙafafun kuwa ya yi su ƙanana, masu inci 10, ya tura su can kusurwoyi huɗu, ta yadda kusan kashi 80 cikin 100 na shimfiɗar motar ya zama na fasinja da kaya. A madadin sifirin na ƙarfe, an ɗora ta a kan dunƙulen roba da Alex Moulton ya tsara.

Wannan tsari da aka yi don tsimi sai ya zamana ya ba motar riƙon hanya na ban mamaki. John Cooper, mai ƙera motocin tsere, ya hango haka, aka fitar da Mini Cooper a 1961. Ta lashe gasar Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967. A 1966 ma ita ta zo ta ɗaya da ta biyu da ta uku, amma alƙalan gasar suka soke nasarar a kan ƙa'idar fitilun gaba, aka bai wa Citroën kambun. Tun daga lokacin, duk mai Mini yana jin akwai jinin tsere a motarsa.

Aikin kejin ƙarfe

Kejin ƙarfe bututu ne da ake lanƙwasawa a harhaɗa a cikin mota, su bi ginshiƙan ƙofofi da ƙarƙashin rufi, su sauka a daɓe. Aikinsa shi ne hana rufi da gefuna rubzawa a kan direba idan motar ta wuntsila ko aka buge ta a gefe. Tsohuwar Mini na da buƙatar hakan, domin ginshiƙanta sirara ne, kuma sai a 1996 aka fara sa mata jakar iska da sandunan kariya a cikin ƙofofi. Kejin yana kuma ɗaure jikin motar ya hana shi murɗewa a kwana.

Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ba ta bar wannan aiki ga son ran mai walda ba. Ƙa'idarta ta tanadi bututun ƙarfe marar ɗinki. Babban bakan da ke bayan kan direba dole kaurinsa ya kai milimita 45 da kaurin bango milimita 2.5, ko milimita 50 da bango milimita 2. Sauran sassan kuma milimita 38 da 2.5, ko 40 da 2. Duk inda ƙafar babban bakan ta sauka, sai an shimfiɗa farantin ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita 3 da faɗin aƙalla santimita murabba'i 120.

Dalilin farantin a bayyane yake. Idan mota ta kife, nauyinta duka yana taruwa a bakin bututun. Ba tare da faranti ba, bututun zai huda daɓen ya wuce kamar ƙusa a gwangwani. Nan ne kuma matsalar Mini take, domin tsatsa ta fi cin daɓenta da gefunan ƙasa. Keji mai kyau a kan ruɓaɓɓen daɓe gini ne a kan yashi.

Akwai kejin da ake ɗaurewa da noti, wanda za a iya kwancewa, akwai kuma na walda, wanda ya fi ƙarfi amma ya zama ɓangaren motar har abada. Akwai rabin keji da ke tsayawa a bayan kujerun gaba, da cikakke da ke zuwa har gilashin gaba.

Inda kariya ke komawa haɗari

An tsara kejin ne don ya yi aiki tare da wasu abubuwa uku: hular kwano, da kujerar tsere mai rungume jiki, da ɗamara mai maɗauri huɗu zuwa shida. Direban tsere a ɗaure yake tamau, kansa a rufe. Mai zuwa kasuwa kuwa ba hula, ɗamararsa ta yau da kullum ce mai barin jiki ya motsa. A cikin mota mai ƙunci irin Mini, bututun cikakken keji yana wucewa dab da gefen kai. Karon da a wata motar zai tsaya a ƙaramin rauni, a nan yana iya fasa ƙoƙon kai. Soson da ake naɗa wa bututun an yi shi ne don ya tari hular kwano, bai isa ya kare kai tsirara ba. Kujerar baya kuma ta tashi daga aiki, domin duk wanda ya zauna a can yana tsakiyar ƙarafa.

Wannan ne ya sa masu amfani da motar a titi suka fi karkata ga rabin keji. Wanda ya sa cikakke don burgewa kawai, garin neman gira yana iya rasa ido.

Inci 10, 12 ko 13

Batun ƙafafu ya samo asali ne daga birki. Mini ta farko birkin ganga take da shi gaba da baya. Cooper S ta zo da birkin faifai mai inci 7.5, wanda ke shiga cikin wili mai inci 10. A 1984 kamfanin ya mayar da motocin kan wili mai inci 12 don ya ɗauki faifai mai inci 8.4, sannan a 1996 aka fito da zaɓin inci 13 mai faɗi. Saboda haka mai son komawa inci 10 a kan motar da aka ƙera bayan 1984 sai ya sauya birkin gaba, domin babban faifan ba zai shiga ba.

Girman wili ba ya nufin girman ƙafa. Wurin da aka tanada wa tayar ƙarami ne, don haka duk abin da wili ya ƙaru da shi, gefen taya ne ke biya. Taya mai lamba 165/70 a kan inci 10 tana da gefe mai tsayin kusan milimita 115. Mai lamba 175/50 a kan inci 13 tana da kusan milimita 87. A motar da ke zaune a kan dunƙulen roba, wannan gefen taya shi ne babban abin da ke shanye gargada. Idan ya ragu, rami yana isa ga jikin motar da bayan direba kai tsaye.

Babban wili ya fi nauyi, kuma nauyin da ke kan ƙafa yana sa taya ta riƙa tsalle maimakon ta manne wa kwalta. Idan wilin ya turo waje, yana ƙara wa boris lodi, yana sa sitiyari fizga. Motocin inci 13 na kamfani sai da aka rage musu iyakar juyawar sitiyari don kada taya ta goga, abin da ya sa suke buƙatar fili mai faɗi kafin su juya. Wannan ne dalilin da ya sa da yawa daga masu tsere suka tsaya a kan inci 10 da Issigonis ya zaɓa.

Inda doka ta shigo

Tambayar da ke gaban gwamnatoci ita ce: ina iyakar 'yancin mutum a kan motarsa, tunda titin na kowa ne? Birtaniya da Jamus sun ba da amsa mabambanta.

A Birtaniya, daga 20 ga Mayu, 2018, motar da ta haura shekara 40 ba dole ba ne ta je gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, matuƙar ba a yi mata babban sauyi a jiki ko inji ko tsarin ƙafafu ba cikin shekara 30 da suka wuce. Irin waɗannan motoci na iya samun rangwamen harajin hanya, kuma ba sa biyan fam 12.50 na kullum da ake karɓa a Landan daga motoci masu gurɓata iska. Masu suka na cewa an bar mai mota ya zama alƙalin kansa. Gwamnati kuma ta kafa hujja da cewa masu irin waɗannan motoci na kula da su, kuma ba sa yawan hawa titi. Duk da haka, wanda aka kama da mota mai haɗari yana iya fuskantar tarar da ta kai fam 2,500, kuma ɓoye wa kamfanin inshora keji ko sabon wili na iya sa ya ƙi biyan diyya ranar da aka yi haɗari.

Jamus ta fi tsanani. Wilin da ba na asali ba sai da takardar amincewa, wani lokacin ma sai masu gwaji irin su TÜV sun duba sun shigar da shi cikin takardun motar. Lambar tarihi mai harafin H, wadda ake bai wa motar da ta kai shekara 30, tana buƙatar duk sauyin da aka yi ya dace da zamanin motar.

Darasin bai tsaya a Turai ba. A Najeriya, inda aka taɓa harhaɗa Volkswagen Beetle a Legas da Peugeot 504 a Kaduna tun daga 1975, matasa na sa wa motoci manyan wili, wasu kuma na wasa da mota a wuraren biki. Ƙarfe bai san iyakar ƙasa ba: bututun ruwa da aka yi wa walda a bakin titi zai lanƙwashe ko ya tsinke a mahaɗa, kuma taya mai siririn gefe ba ta jure ramukan hanya. Hukumar kiyaye haɗura ta FRSC da jami'an VIO na duba takardu da taya da fitilu, amma tantance ingancin irin wannan aiki yana buƙatar rubutacciyar ƙa'ida mai awo, irin wadda ke faɗin kaurin bututu da faɗin faranti, da kuma mai binciken da ya san abin da zai auna.