Me ya sa ake rubuta kowane kilo da tsoho ya rasa a gidajen kula da tsofaffi?

A gidajen kula da tsofaffi na Amurka da Birtaniya, ɗora dattijo a kan sikeli aiki ne da ake yi a kai a kai, a rubuta sakamakon a takardunsa. Dalilin shi ne ramar da ba a shirya mata ba tana daga cikin alamun farko da ke nuna wani abu ya sami lafiyar tsoho, kuma sau da dama lambar da aka rubuta ce ke fallasa ta tun kafin ido ya gani.

Batun ya shafi Hausawa mazauna ƙasashen waje ta fuska biyu. Akwai waɗanda ke aikin kula da tsofaffi, musamman a Birtaniya, wadda ta buɗe wa 'yan ƙasashen waje ƙofar samun bizar wannan aiki a watan Fabrairun 2022. Akwai kuma waɗanda iyayensu ko 'yan uwansu ke zaune a irin waɗannan gidaje.

Wace rama ce ake ɗauka da muhimmanci?

A Amurka, dokar gyaran gidajen jinyar tsofaffi ta 1987 ta wajabta wa duk gidan da ke karɓar kuɗin inshorar lafiya ta gwamnati, wato Medicare ko Medicaid, ya riƙa tantance lafiyar mazaunansa da fom iri ɗaya. Ana kiran fom ɗin MDS, kuma tun watan Oktoban 2010 ake amfani da zubinsa na uku. Ana cika shi cikin kwana 14 da shigar mutum gidan, sannan duk bayan wata uku, da kuma duk lokacin da yanayinsa ya sauya sosai.

Sashen K na fom ɗin ya shafi haɗiya da abinci. A can ne ake tambaya ko mutum ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa ko fiye a cikin wata ɗaya, ko kashi 10 cikin 100 ko fiye a cikin wata shida.

Lissafin ba shi da wuya. A cire nauyin yanzu daga na baya, a raba abin da ya rage da nauyin na baya, a ninka da 100. Dattijuwar da ta sauko daga kilo 60 zuwa 57 a wata ɗaya ta rasa kashi 5 cikin 100 ke nan.

Ma'aunin wata shida kuwa shi ke kama ramar da ke tafiya sannu a hankali. Idan wannan dattijuwa tana rasa kilo ɗaya kacal a kowane wata, babu watan da za ta kai ko da kashi 2 cikin 100, mai kallon wata guda zai ce lafiya lau. Amma bayan wata shida ta koma kilo 54, kashi 10 cikin 100 na nauyinta ya tafi.

Bambancin ramar da aka shirya da wadda ba a shirya ba

Amsa uku ce fom ɗin ya tanada. Sifili na nufin babu irin wannan rama, ko ba a sani ba. Ɗaya na nufin akwai ramar, amma likita ne ya tsara ta. Biyu na nufin akwai ramar, kuma ba bisa tsarin likita ba.

Ba a zaɓar amsa ta ɗaya sai da umarnin likita, da kuma tsarin kula da ya ambaci rage nauyi a matsayin abin da ake nema. Wannan ya haɗa da mai ciwon zuciya da jikinsa ya tara ruwa, likita ya ba shi maganin da ke sa fitsari domin ruwan ya fita. Amma idan mai ƙiba ya rame ba tare da umarnin likita ba, ba a rubuta cewa an shirya ramar don kawai ana ganin za ta amfane shi.

Wannan rarrabewa tana da tasiri a kan gidan kansa. Hukumar CMS, mai kula da Medicare da Medicaid, tana wallafa adadin daɗaɗɗun mazauna kowane gida da suka rame fiye da kima a shafinta na Care Compare, inda iyalai ke kwatanta gidaje kafin su kai nasu. Idan aka juya biyu ta koma ɗaya, takardar gidan za ta yi kyau, amma an toshe hanyar binciken abin da ke cin dattijon.

Yaya tsarin yake a Birtaniya?

A can an fi amfani da ma'aunin MUST, wanda ƙungiyar BAPEN ta fitar a 2003. Yana ba da maki a kan abubuwa uku.

Na farko shi ne daidaiton nauyi da tsayi, wato BMI: sama da 20 babu maki, daga 18.5 zuwa 20 maki ɗaya, ƙasa da 18.5 maki biyu. Na biyu shi ne ramar da ba a shirya ba cikin wata uku zuwa shida: ƙasa da kashi 5 cikin 100 babu maki, daga 5 zuwa 10 maki ɗaya, sama da 10 maki biyu. Na uku, ana ƙara maki biyu idan mutum na fama da matsanancin ciwo, kuma bai ci abinci ba, ko ana ganin ba zai ci ba, fiye da kwana biyar.

Wanda ya tashi da maki ɗaya, ana rubuta duk abin da ya ci da abin da ya sha har kwana uku. Wanda ya kai maki biyu ko fiye yana cikin babban haɗari, sai a haɗa shi da masanin abinci mai gina jiki ko a bi tsarin da aka tanada a yankin. Ana maimaita awon kowane wata. A Ingila, hukumar CQC tana duba waɗannan takardu idan ta je bincike.

Inda kuskure ke shigowa

Lambar da ba a auna daidai ba tana iya ɓatar da likita. Shi ya sa ake so a riƙa awon da sikeli ɗaya, a lokaci ɗaya, galibi da safe bayan mutum ya kewaya kuma kafin ya karya kumallo, ba takalmi a ƙafarsa. Wanda aka auna a kan kekensa, dole a cire nauyin keken da na matashin da yake zaune a kai. Idan lamba ta yi nisa da ta baya, a sake awo kafin a rubuta.

Kumburi ma yana ruɗarwa. Tsoka na iya zagwanyewa alhali sikeli bai motsa ba, saboda ruwan da ya taru a ƙafafu ko ciki ya cike gurbin. Don haka ake rubuta kumburin tare da nauyin. Wanda ba ya iya tashi kuwa, tsarin MUST ya yarda a auna kaurin damtsensa: ƙasa da santimita 23.5 alama ce ta cewa mai yiwuwa BMI ɗinsa bai kai 20 ba.

Me ke biyo bayan rubutun?

Rubuta lambar somin-taɓi ne, abin da ake nema shi ne sababi. Ciwon damuwa da cutar mantuwa suna kashe sha'awar abinci. Shanyewar ɓarin jiki kan hana haɗiya. Ciwon haƙori, ko haƙoran roba da suka daina zama daidai a baki, kan hana tauna. Wasu magunguna kan jawo tashin zuciya, kuma ramar na iya zama alamar ciwon daji. Wani lokaci kuma abincin ne ake ajiyewa a gaban wanda hannunsa ke rawa, a dawo a ɗauke ba tare da an taimaka masa ba.

Akwai kuma batun sabo da addini. Dattijon da ya saba da tuwo da miyar kuka, ko yake shakkar halascin naman da aka kawo masa, yana iya ture kwano bai ce uffan ba. Mai azumin Ramadan kuma yana buƙatar a sauya masa lokutan abinci. Iyali ne suka fi kowa sanin waɗannan abubuwa, kuma ya kamata su shiga cikin tsarin kula da shi.

Cikakken rubutu yakan nuna rana da nauyi, da sikelin da aka yi amfani da shi, da yawan abin da mutum ya ci, da wanda aka sanar, da matakin da aka ɗauka, da ranar da za a sake dubawa. Dokar Amurka ta wajabta a tuntuɓi likita kuma a sanar da wakilin mazaunin idan lafiyarsa ta sauya sosai.

Ramar da aka bari tana raunana garkuwar jiki, tana ƙara haɗarin faɗuwa da gyambon da doguwar kwanciya ke haifarwa. Sai dai wani lokaci, ga wanda ajali ya kusanto, ramar kan ci gaba duk da kulawar da aka yi. A nan ma takardu ne za su nuna abin da aka gwada da abin da shi mara lafiyan ya zaɓa.

Ga iyali, tambaya uku sun isa a fara da su yayin ziyara: nawa ne nauyinsa a wannan watan, nawa ne wata shida da suka wuce, kuma wane mataki aka ɗauka a kan bambancin?