Lokutan Kiwon Lemur a Tsibirin Madagaska

Lemur dabba ce dangin biri, wadda asalinta tsibirin Madagaska ne. A da masana sun kasa irin waɗannan dabbobi gida biyu, wato masu kiwon rana da masu kiwon dare. A shekarar 1987 ne Ian Tattersall ya bayyana kashi na uku, masu fita dare da rana. Alal misali, wani jinsi da ke arewa maso yammacin tsibirin yakan yi kiwo da rana a damina, in rani ya shigo kuma ya koma kiwon dare. Masana na ganin cewa idan itatuwa suka kakkaɓe ganye, ba shi da mafaka daga shaho. Saboda haka saran daji babbar barazana ce gare shi.