Horar da Matasa Gudun Dogon Zango a Ƙasar Ƙiru

Gudu ba baƙon abu ba ne ga yaron Bahaushe, domin kuwa tun yana ƙarami yake bin awaki a kiwo, ya yi langa a dandali, ya kuma bi yayyensa farauta da rani. A Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada, har ya zuwa Doguwa, akwai yara da dama waɗanda sai sun yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin su isa makaranta. To amma juriyar tafiya daban, gudun gasa daban, kuma a nan ne akan tafka kuskure. Sau da yawa sai ana saura mako biyu a yi gasar wasanni ta makaranta sannan za a tattaro yara, a sa su zagaya fili har su galabaita, wai ana horar da su.

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne, ƙashin ɗan shekara 13 zuwa 17 bai gama ƙosawa ba. A kusa da bakin kowane dogon ƙashi akwai wani guringuntsi wanda ta nan ƙashin yake ƙara tsawo, ba ya kuma daskarewa sai wajen ƙarshen balaga. Idan aka ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, sai yaro ya fara kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko a diddige, ko a ƙwauri. Irin wannan ciwo ba lalaci ba ne, kodayake wasu malaman wasanni haka suke ɗaukarsa, har su kai ga bulala. Maganinsa hutu. Hasali ma, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 18, wadda aka yi ta ƙarshe a Nairobi a 2017, gudu mafi tsawo shi ne na mita 3,000. Shi kuwa gudun yada ƙanin wani na kilomita 42 na manya ne.

Saboda haka, yaron da ya fara ya isa ya yi sassarfa ta minti 20 zuwa 30, sau uku a mako, da irin saurin da zai iya magana da abokin gudunsa ba tare da haki ya sarƙe shi ba. Ƙarin nisa kuwa sannu-sannu ake yin sa, kada ya wuce kamar kashi ɗaya bisa goma na abin da aka yi a makon da ya gabata. Gudun tsiya, watau na ƙure ƙarfi, sau ɗaya a mako ya wadatar.

Ƙasar ita ma tana da nata hukuncin. Hanyoyin burji da na cikin gonaki sun fi kwalta taushi ga ƙafa, balle ma titin Kano zuwa Zariya da ya ratsa Kwanar Ɗangora, inda manyan motoci ba sa yankewa. Tuddan Riruwai da ke Doguwa kuwa wata baiwa ce da Kano ta tsakiya ba ta da ita, domin hawan tudu yana ƙarfafa cinya da zuciya. Ba banza ba ne Jihar Filato take fitar da gwanayen dogon gudu a Nijeriya, haka kuma garin Iten na Kenya, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 2,400 daga doron teku.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40, don haka ba a gudu sai bayan sallar Asuba ko dab da Magariba. Yaron da ya ji jiri, ko maganarsa ta fara rikicewa, a kai shi inuwa nan take, a jiƙa masa jiki da ruwa, in bai dawo daidai ba a garzaya da shi asibiti. Da azumi a rage nisa, a kuma bari sai an sha ruwa. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro jininsa bai gama dawowa ba, haka nan 'yan mata da suka fara al'ada sukan yi ƙarancin jini, don haka wake da zogale da hanta sun fi musu amfani bisa ga ƙarin zagaye. Mai amosanin jini kuma sai da iznin likita.

Batun takalmi ne kawai akan zuzuta fiye da kima. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gasar Olamfik a Rum a 1960, sai dai shi ƙafarsa ta saba. Yaron Ƙiru da zai bi hanyar da ƙaya da tsakuwa suke, kambas mai araha ya ishe shi, muddin bai matse masa yatsu ba.