3.2 Girka Rumbun Nazarin Bayanai a Kan Sabar Ɗaya

A wannan sashe za a duba yadda ake girka rumbun nazarin bayanai a kan sabar guda ɗaya, wato kwamfutar da aka keɓe don yi wa sauran kwamfutoci hidima. An ɗauki ClickHouse a matsayin misali. Kamfanin Yandex na ƙasar Rasha ne ya ƙirƙiro wannan manhaja domin ƙididdigar masu ziyartar shafukan intanet, sannan ya sake ta kyauta ga jama'a a shekarar 2016.

Abin da ya sa kwamfuta ɗaya kan wadatar shi ne yadda rumbun yake ajiye bayanai. Kowane jadawali yana da layuka a kwance da ginshiƙai a tsaye. Rumbu irin MySQL layi-layi yake ajiyewa, shi kuwa ClickHouse ginshiƙi-ginshiƙi. Alal misali, idan jadawalin ciniki yana da ginshiƙai 50, aka nemi jimillar kuɗin da aka samu a kowane wata, ginshiƙai biyu kawai za a karanta, na kwanan wata da na kuɗi, sauran 48 kuwa ba za a taɓa su ba. Haka kuma, da yake bayanan ginshiƙi ɗaya nau'insu ɗaya, suna matsuwa sosai, su ci wuri kaɗan a faifai.

Girkawar kanta ba ta da wuya. Galibi a kan Linux ake yin ta, kuma masu manhajar sun ba da shawarar a samar da ma'ajiyar wucin gadi mai gigabait 32 ko fiye. Da farko rumbun ba ya amsa kira sai daga cikin kwamfutar da yake kai. Idan ana son wasu kwamfutoci su isa gare shi, sai a gyara fayil ɗin saiti, a buɗe ƙofofi masu lamba 8123 da 9000. A nan ne gaggawa kan jawo ɓarna, domin buɗe su ga intanet ba tare da kalmar sirri ba tamkar barin shago ne a buɗe cikin dare.

Wani abin lura shi ne zuba bayanai. Duk zubi ɗaya yakan haifar da sabon gutsure a faifai, rumbun kuma ya riƙa haɗe gutsattsarin a hankali. Idan aka riƙa tura layi ɗaya-ɗaya, gutsattsari za su fi ƙarfin haɗewa, har rumbun ya soma ƙin karɓar sabon zubi. Saboda haka ake tara dubban layuka a zuba su lokaci guda.

Babban raunin wannan tsari shi ne rashin mataimaki. In faifai ya lalace, bayanan shekaru sun salwanta ke nan, sai fa idan akwai kwafi a wani wuri. ClickHouse yana da umarnin ɗaukar kwafin ajiya, amma ajiye kwafin a faifan da rumbun yake kai bai tsinana komai ba. Ya kamata a kai shi wata kwamfuta daban, a kuma riƙa gwada maido da shi lokaci-lokaci. Idan kuwa aikin bai jure tsayawa ko na sa'a guda, dole a ƙara sabar ta biyu mai riƙe da kwafin bayanan, tare da manhajar ClickHouse Keeper ko ZooKeeper mai daidaita tsakaninsu.