Gyaran tsakar gida a Nima da Maamobi: Yadda ake kafa dandamalin katako da ɗan lambu da za su jure ruwa da gara

A yawancin gidajen Nima da Maamobi da ke birnin Akra, tsakar gida ce madafa, ita ce wurin wanki da alwala, a nan ake suna, a nan ake zaman makoki. Gida ɗaya kan ɗauki iyalai da dama, kowa da ɗakinsa, amma fili ɗaya ake rabawa. Shi ya sa da zarar siminti ya farfashe ruwa ya fara kwanciya, kowa a gidan yana ji a jikinsa.

Wanda ya ga hoton dandamalin katako da shuke-shuke a kewaye a waya zai so ya yi irinsa a gida. Aikin mai yiwuwa ne, kuma mutum zai iya yin mafi yawansa da hannunsa. Sai dai a waɗannan unguwanni, ruwa ne ke yanke hukunci a kan komai: inda za a kafa dandamalin, tsayinsa, irin katakon da za a saya, har da inda za a ajiye buhun shuka.

Me ya sa ake farawa da ruwa?

Akra na da damina biyu: babba daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ƙarama kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan kan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci, a unguwannin da rufin kwano da siminti suka mamaye kusan ko'ina, ƙasa ba ta samun damar shanye shi. Babbar kwatar Nima na kwashe shi zuwa kogin Odaw, daga nan zuwa tafkin Korle da teku. Mazauna birnin ba su manta da daren 3 ga Yunin 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah suka hallaka fiye da mutum 150. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin aikin GARID na rage ambaliya a yankin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aikin ya shafa.

Manyan magudanai aikin hukuma ne, amma ruwan da ke cikin gida na mai gida ne. Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a jira a yi ruwa, a tsaya a ga ta ina yake shigowa, ina yake kwanciya, ta ina yake fita. A sa alama da gawayi a jikin bango daidai inda ya kai. Idan rani ne, a watsa bokiti biyar ko shida a bi sawunsa.

Daɓe mai kyau yana gangarawa daga ƙofofin ɗakuna zuwa mafitar ruwa, da saukar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. A fara da share mafitar, a cike ramuka, a sa wa rufi indararo da zai kai ruwa cikin duro mai murfi. Kuskuren da ya fi jawo rigima shi ne mutum ya ɗaga gabansa da siminti, ruwan ya koma ɗakin maƙwabci ko lungun da jama'a ke bi.

Wa ya kamata a tambaya kafin a fara?

Da yawa daga mazauna Zango 'yan haya ne, ko kuma magada a gidan gado da ba a raba ba. Ɗan haya ya nemi yardar mai gida, kuma a rubuta: wa zai biya, ko za a cire kuɗin daga haya, sannan wa ke da katakon ranar da aka tashi. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ce ke aiki har yanzu, kuma ofishin kula da haya ne ke sauraron irin wannan saɓani, inda takarda ta fi baki ƙarfi.

A zauna da matan gidan tun da wuri, domin su suka san inda ake girki, inda ake shanya da inda yara ke wasa. Idan kuma aikin ya haɗa da sabon rufi, bango ko shiga hanya, doka ta buƙaci izinin gini daga majalisar yanki. Tun 2018 Nima na ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma Ayawaso ta Arewa.

Wane katako ne ke jure waje?

A nan ne kuɗi ya fi salwanta. Katakon da ya fi araha a kasuwar katako ta Akra da ta Ofankor shi ne wawa, wanda 'yan Najeriya ke kira obeche, a Kodebuwa samba, a Kamaru ayous. Fari ne, marar nauyi, mai daɗin aiki, ya dace da silin da allon zuba kankare. Amma a waje, kusa da ƙasa mai laima, gara da ruɓa kan gama da shi da wuri. Haka ofram, wato afara ko fraké, shi ma na cikin ɗaki ne. Araha dai ba ta ado.

Waɗanda ke jure ruwa da gara su ne:

Kusia, wanda ake kira opepe a Najeriya, bilinga a Kamaru, badi a Kodebuwa. Launinsa rawaya-rawaya ne, kuma an daɗe ana aikin gada da tashar jiragen ruwa da shi.

Denya, wato okan. Yana da nauyi da tauri ƙwarai, ya fi dacewa da ginshiƙai da katakon ƙasa masu ɗaukar nauyi.

Odum, wato iroko. Kafintoci na yabonsa, sai dai ya yi ƙaranci kuma yana da tsada.

Tik, wanda ake nomawa a gonakin itatuwa a Ghana. Cikinsa mai duhu yana da ƙarko, amma farin gefen ba shi da shi.

Dahoma, wato dabema, yana tsaka-tsaki. Zai yi aiki a saman dandamali idan akwai rumfa kuma bai taɓa ƙasa ba.

Ko a itace mai ƙarko, farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo ba ya jure gara, don haka a duba kowane falle a mayar da mai farin gefe. A guji ɗanyen katako: zai lanƙwashe ya tsage bayan an buga shi. Idan ba a samu busasshe ba, a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna a tsakanin kowane layi domin iska ta ratsa, a bar shi makonni.

Akwai kuma batun doka. Tun 1998 Ghana ta haramta sayar da katakon da aka tsaga da injin zarto na hannu a daji, duk da cewa har yanzu yana cika kasuwanni. Ana gane shi da kaushin fuska da rashin daidaiton kauri. Na masana'anta ya fi tsada, amma kaurinsa ɗaya ne, yana rage aikin fiƙa da asara. Madobiya kuwa, wadda aka sa cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido a kan cinikinsu tun 2017, a bar ta.

Yadda ake kafa dandamalin

A ɗauki misalin dandamali mai faɗin mita 2 da tsawon mita 3, wanda zai ɗauki tabarma biyu ko kujeru huɗu.

Na farko, awo. A buga turaku huɗu a ja igiya. A auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sannan a auna ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu ya zo ɗaya, kusurwoyin sun daidaita.

Na biyu, ƙafafu. Kada katako ya taɓa ƙasa ko daɓe ko kaɗan. A kafa ƙafafu 12 na bulo ko kankare, layi uku, huɗu a kowane layi, da tazarar kusan mita ɗaya. Tsayinsu ya wuce alamar gawayin nan da aka yi a bango, kuma kada ya gaza santimita 15 zuwa 20. Siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa ya isa a daidaita tsayinsu, kamar yadda magina ke yi. A kan kowace ƙafa a shimfiɗa guntun leda mai kauri ko roba, domin laimar siminti kada ta hau katako.

Na uku, ƙashin dandamali. A ɗora manyan katakai uku masu tsawon mita 3 a kan layukan ƙafafun. A samansu a gitta katakai takwas na inci biyu da huɗu, masu tsawon mita 2, a tsaye a kan gefensu, da tazarar santimita 40 zuwa 45. Idan tazarar ta fi haka, allunan sama za su riƙa lotsawa.

Na huɗu, alluna. Idan faɗin kowane allo santimita 14 ne, kaurinsa kuma 2.5, za a buƙaci 14 masu tsawon mita 3. A bar tsaga ta milimita 5 ko 6 a tsakaninsu. Babbar ƙusa da aka soka a tsakani ta isa ma'auni. Ta wannan tsagar ruwa ke zuba, iska ke shiga, katako kuma ya samu wurin kumbura a damina. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin dandamalin da bango.

Na biyar, ƙusa. Iskar Akra na ɗauke da gishirin teku, ƙusar baƙin ƙarfe kan yi tsatsa ta ɓata katako da baƙin tabo. A nemi sukuru ko ƙusa mai rufin da ke hana tsatsa. Kusia da denya sai an fara huda su, in ba haka ba su tsage ko ƙusar ta lanƙwashe.

A ɗaure alluna biyu ko uku da sukuru kawai, yadda za a iya ɗaga su a share ƙarƙashi. Ɗan haya zai fi samun sauƙi idan ya yi dandamalin gida uku, kowane mita 1 da mita 2, ya kwashe abinsa ranar tashi.

Gara, baƙin mai da wuta

Naman gwarin da ke ruɓar da katako yana samun dama ne idan laimar cikinsa ta wuce kashi 20 cikin ɗari ta daɗe a haka. Gara kuma daga ƙasa take hawowa ta cikin hanyoyin laka da take ginawa. Shi ya sa ba a toshe gefen dandamali da bulo ko kwano. Idan ana gudun ɓera da shara, a sa ragar waya. Sau ɗaya a wata a haska tocila a duba ƙafafun. In an ga layin laka, a kankare shi a bi asalinsa.

An saba shafa wa katako baƙin man mota. Yana ɓata tufafi da darduma, yana shiga ƙasar da za a yi shuka, kuma yara a nan suke rarrafe. A yi amfani da maganin katako mai rajistar hukumar kare muhalli ta EPA, a shafa kafin a haɗa aikin, a ƙara a bakin duk inda aka yanka, domin ta nan katako ya fi shan ruwa. A sa safar hannu, a nisanta yara da abinci har ya bushe. A sama, mai na katako ya fi fenti mai sheƙi, wanda rana ke ɓarewa kuma yake santsi idan ya jiƙe. Kurfoti da murhun gas su zauna a kan siminti, nesa da alluna.

Lambu a inda babu fili

Noman bayan gida ba sabon abu ba ne a Ghana. A 1972 gwamnatin Acheampong ta ƙaddamar da shirin nan na kowa ya ciyar da kansa, aka riƙa shuka a bayan gidaje da makarantu. Bambancin yau shi ne filin ya ƙare, sai a koma buhu da jarka.

Buhun shinkafa, tsohon bokiti da rawayar jarkar nan da ake kira galan ɗin Kufuor duk suna aiki. A huda ƙasansu, a zuba tsakuwa kaɗan, sannan baƙar ƙasa kashi biyu, taki da ya ruɓe sosai kashi ɗaya, da ɗan yashi. Kashin ragunan layya taki ne mai kyau idan aka tara shi ya huce na wasu makonni. Ɗanye yana ƙona shuka.

Ayoyo, wato lalo, da alayyafo da yakuwa suna saurin ba da ganyen miyar tuwo. Tattasai, attarugu, tumatir da kuɓewa na son rana ta awa biyar zuwa shida. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya na jure 'yar inuwa. Zogale a babban duro zai yi, a riƙa sare kansa daidai ƙirji domin ya yi rassa. Mangwaro da darbejiya ba na ƙaramar tsakar gida ba ne, saiwarsu na fasa daɓe da tushen gini.

Ban ruwa a yi shi da ruwan sama, ruwan alwala ko na wanke shinkafa da ganye. Kada a ɗebo daga kwata, musamman ga ganyen da ake ci ɗanye. Buhunan su zauna a kan bulo a gefen dandamali. Idan aka ɗora su a kan alluna, wurin ba zai taɓa bushewa ba. Duk wani mazubi da ruwa ke kwana a ciki a kife shi, domin sauro na iya ƙyanƙyashewa ya girma cikin mako ɗaya zuwa kwana goma.

Yaushe ya fi dacewa a fara?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, katako na bushewa kuma babu ruwan da zai katse aiki. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya raba aikin uku: bana magudana da daɓe, sannan buhunan shuka, dandamali a ƙarshe. Idan za a kira kafinta, a kira shi ranar sayen katako da ranar kafa ƙafafu, domin kuskuren waɗannan ranaku biyu ba ya gyaruwa sai an kwance komai. Ruwan farko na watan Afrilu shi zai gwada aikin: idan aka ɗaga allo washegari aka tarar ƙarƙashi ya tsane, an yi daidai.