Yadda ake gane Monstera, ɗan'uwan gwaza mai hawa bishiya

Duk wanda ya san gwaza ya riga ya san rabin wannan tsiron. Monstera deliciosa dangi ɗaya ne da gwaza, dangin da masana ke kira Araceae, sai dai shi hawa yake yi. Asalinsa dazuzzuka masu yawan ruwan sama ne, daga kudancin Meziko zuwa Panama, inda yake manne wa jikin manyan bishiyoyi yana neman haske.

Ganyen ne ke fara tona shi, amma ƙaramin tsiro yana ruɗar mutum. Ganyensa na farko siffar zuciya ne, babu huji babu tsaga. Sai ya girma sannan gefen ya tsattsage, ramuka kuma su jeru kusa da jijiyar tsakiya. A nan ake yawan rikita shi da wani tsiro, Philodendron mai tsagaggen ganye, wanda tsagarsa daga baki take, cikin ganyen kuwa babu huji ko ɗaya.

Alamar da na fi yarda da ita tana wurin da sandar ganye ta haɗu da ganyen. Akwai 'yar gwiwa mai kauri, a babban tsiro har ta ɗan yamutse, ita ce ke juya ganyen ya fuskanci haske. Saiwoyi masu launin ƙasa kuma suna saukowa daga kara kamar igiya.

'Ya'yansa kamar goyon masara suke, da koren ɓawo, suna kai shekara kafin su nuna. Ɗanyensu yana sa baki da maƙogwaro ƙaiƙayi irin na ɗanyen gwaza, saboda ƙananan allurai na sinadarin kalsiyam oksalet da ke ciki. Ba a cinsu sai ɓawon ya fara zubewa da kansa.